An hana shi alkama, yana kukan kazar ranar Juma'a

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Mabera cikin garin Sakkwato, muna gida ɗaya da mahaifiyar maigidana, Inna muke ce mata. Ɗiyana uku. Na farin shekarunshi 7, tun yana ɗan shekara 3 yake fama da zawo da kumburin ciki, ga rama, har ƙanenshi ya kusa kamo shi a tsawo. Bara anka yi mishi gwajin jini, daga baya anka duba hanjinshi, likita ya ce ciwon siliyak ne, ba shi ba alkama har ƙarshen rayuwa. Da munka daina ba shi sai ya fara murmurewa, alhamdu lillahi.

Damuwata biyu. Akwai kazar nan ta gidajen abinci na zamani, wadda ake yankawa dogo-dogo kamar yatsa a shafe ta da fulawa da garin burodi. Babansu ya saba sawo musu ita ranar Juma'a. Yanzu an daina, ƙannenshi suna cewa shi ya ja musu, shi kuma ya shiga ɗaki ya yi ta kuka. Na gwada da garin shinkafa sau uku, in na soya ta sha mai ta yi fari fat, in na gasa ta bushe kamar ƙirgi. Ta biyu kuma Inna ce. Ta ce wanga iyayi ne da ciwon Turawa, su da sunka tashi suna cin komi ba su taɓa jin alkama ta kashe kowa ba. Sau biyu ina samunta tana ba shi burodi da shayi a ɓoye, ta ce ai ga shi nan bai mutu ba. Ɗan fari ne, in na yi magana a ce ba ni da kunya. Maigidana kuma ya ce in yi haƙuri. Mi zan yi?

Uwar yara, Mabera

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba yaro lafiya, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Uwa ta yi shekara uku tana wankin zawo ba ta san mafari ba, sai wadda ta yi ta san zafinsa. Ki gode Allah da ciwon ya samu suna. Akwai yaran da har yau ake ɗura musu jiƙe-jiƙe da maganin tsutsar ciki, alhali burodin karin kumallo ne ke cin hanjinsu.

Kin sa kaza a gaba, Inna a baya. In gaskiya za a bi, Inna ce babbar magana, don kukan kaza na yini ɗaya ne, burodin ɓoye kuwa kina tufka ne ana warwara. Amma zan bi yadda kika jero, saboda a ganina ta madafa za ki shiga ɗakin Inna.

Garin shinkafarki bai yi laifi ba, aikin da ba nasa ba kika ba shi. Abin da ke sa waccan kaza ta yi ƙaras-ƙaras a baki shi ne garin burodin, wato abin da aka riga aka gasa, ya bushe, aka farfasa shi tsaki-tsaki. Gari mai laushi ba ya ba da wannan, ko da na alkama ne. To me muke da shi a kasuwa wanda an riga an toya shi, busasshe ne, tsaki-tsaki ne, kuma asalinsa bai haɗa hanya da alkama ba? Garin kwaki. Rogo ne zalla. Aibinsa guda, ba ya yin ja sosai a wuta, kuma ba shi da wani ɗanɗano na kirki. Nan ƙuli-ƙuli yake shigowa, shi ke kawo launi da ƙamshi kamar yadda yake yi wa tsire. Ni a gidana babu mai siliyak, amma tun da na gwada wannan haɗi ban koma garin burodi ba.

Ki samu kazar gidan gona, mai faɗin ƙirjin nan. Kazar Hausa ta fi daɗi a miya, ba mai musu, sai dai tsokarta kaɗan ce kuma tauri gare ta, minti 20 a wuta ba zai ce mata komai ba. Ki ce wa mai gyaran kaji ya cire miki tsokar ƙirji biyun daban, ba ƙashi ba fata. Babbar kaza za ta ba ki kusan rabin kilo, sauran jikin kuma ya tafi miya ko farfesu. A ƙarƙashin kowace tsoka akwai wata 'yar siririya da ke ɓarewa da kanta, ita ta fi laushi. Tana da farar jijiya, ki kama bakin jijiyar da tsumma mai tsabta ki zare ta. Sauran ki yanka dogo-dogo, kaurin babban yatsanki, su zo kai ɗaya. In wani ya yi siriri wani ya yi kauri, kafin mai kaurin ya nuna siririn ya zama ƙirgin da kika faɗa.

Ki zuba su a kwano da rabin kofi na kindirmo, gishiri kamar rabin ƙaramin cokali da ɗan ƙari, tafarnuwa ƙwaya uku dakakku, da ɗan citta. Tafarnuwa dai ba a koya wa Basakkwaciya ita. Tsamin nonon ne ke sassauta tsokar ya hana ta bushewa a wuta, wannan kuwa rabin maganin matsalarki ne. Minti 30 ya isa, in ya kai awa 3 ko 4 ya fi, amma a cikin firij. Zafin garin nan ba abin wasa ba ne. A Afrilu da Mayu, lokacin da rana ke wuce digiri 40, ɗanyar kaza ba ta kamata ta wuce awa 1 a waje ba. In babu wuta, ki tsaya a minti 30 ɗin ki wuce gaba. Wasu yara masu siliyak madara tana ɓata musu ciki a watannin farko, kafin hanji ya gama warkewa. In naki haka yake, ki sa babban cokali ɗaya na ruwan lemun tsami da ɗan man gyaɗa a madadin nonon.

Kafin nan ki haɗa abin shafawa. Garin kwaki kofi ɗaya, ki tankaɗe shi ki fitar da manyan tsakin da zaren rogo. Wanda ya yi girma sosai haƙori yake nema, in naki irin wannan ne ki ɗan taɓa shi a turmi. Mai ja ɗin nan da aka toya da manja ya fi ba da launi, mai tsami sosai kuma yara ba su cika so ba. Ki daka ƙuli-ƙuli rabin kofi, kada ya yi luƙui, ya bar ɗan tsaki. Kada ki wuce wannan awo na biyu da ɗaya, don ƙuli yana riga nama ƙonewa, in ya yi yawa ɗaci za ki ji. Ki ƙara riɗi babban cokali biyu, ɗan gishiri, garin tattasai busasshe in kina da shi. Sannan abin da yawancin mata ke mantawa idan za su gasa maimakon soyawa: ki zuba man gyaɗa babban cokali uku a cikin garin, ki murza da hannu har kowace ƙwaya ta ji mai, ya koma kamar damshin yashi. Gashi ba ya kawo mai daga ko'ina, in ba ki sa a nan ba, fari fat ɗin nan za ki sake gani.

Sai ki jera faranti uku. Na farko garin shinkafa, nan ne wurin aikinsa na gaskiya, ya shanye damshin naman ya ba ƙwai abin kamawa. Na biyu ƙwai biyu kaɗaɗɗu. Na uku haɗin kwakin. Ki ɗauki yanka ɗaya, ki sharce nonon da ya yi yawa, ki juya shi a garin shinkafa ki karkaɗe, ki tsoma a ƙwai, ki kwantar a kwaki ki danna da tafin hannu ta kowane gefe. Hannu ɗaya na jiƙa, ɗaya na bushe, in ba haka ba yatsunki ne za su fi kazar samun riga. In kin gama ki bar su minti 10 kafin su shiga wuta. A wannan ɗan zama kwakin yake shan ruwan ƙwai ya manne, ya kuma rage taurin da zai sa yaro ya ce akwai tsakuwa.

In kina da oben, ki kunna shi tun kina shafawa ya kai digiri 200. Kaza ba ta shiga oben mai sanyi, zufa take yi rigar ta caɓe. Ki shafa wa tire mai, ko ki ɗora ragar ƙarfe a kansa don zafi ya ratsa ta ƙasa. Ki jera su da tazara, kada su taɓa juna. Minti 10, ki juya, sai wani minti 8 zuwa 10. Mai tukunyar gashi ta lantarki da ke hura iska mai zafi, minti 12 ya ishe ta, ita ma da juyi a tsakiya.

In babu ko ɗaya, yadda ake gasa kek a unguwa haka za ki yi. Babbar tukunya mai kaurin gindi, yashi wankakke busasshe kaurin yatsa biyu a ƙasa, gwangwanin madara uku a kife, ki ɗora raga ko farantin ƙarfe a kansu. Ki rufe ta yi zafi minti 10 a kan gawayi ko gas, sannan ki jera kazar, ki rufe, ki zuba garwashi a kan murfin. Garwashin sama shi ne sirrin, idan babu shi dafuwa za ta yi da tururinta. Za ta ɗauki kamar minti 25, ki juya sau ɗaya, kuma a minti biyar na ƙarshe ki ɗan karkata murfin tururi ya fita. Ko ta wace hanya kika bi, ki tsaga wanda ya fi kauri ki duba: ya zama fari har tsakiya, ruwan da ke fita garau ba ja-ja ba. Masu ma'aunin zafin nama suna neman digiri 74 a tsakiyar tsoka. In kin sauke kada ki kife da kwano, ki bar su a kan raga su sha iska minti biyar.

Abin dangwalawa kuwa, ki soya tumatir da tattasai da albasa ya yi kauri, ko ki dama zuma da lemun tsami. Baƙar miyar waken suya ta kwalba da ake sa wa soyayyiyar shinkafa ki nisance ta, yawancinta da alkama ake yi.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne, don za ki iya bin duk abin da na faɗa daidai kuma yaron ya kwana yana zawo. Abin da ke cutar da shi a alkama sunansa gulutin, wani sinadari ne da ke sa kwaɓin fulawa danƙo. Yana cikin sha'ir ma, da wata ƙwaya ta ƙasashen sanyi. Idan ya shiga cikin mai siliyak, garkuwar jikinsa ce ke juyowa ta afka wa ƙaramin hanji. Cikin hanjin nan shimfiɗe yake da 'yan tsiro kamar gashin tawul, su ne ke tsotse amfanin abinci, to su ake cinyewa har wurin ya koma sumul. Shi ya sa yaro yake ci ba ya girma, jininsa yana ƙasa. Kuma ɗan kaɗan ya isa. Ƙa'idar da ƙasashe suka amince da ita, kafin a rubuta wa abinci cewa ba shi da gulutin, kada abin da ke ciki ya wuce miligiram 20 a kilo guda. Kusan nauyin ƙwayar shinkafa ɗaya ke nan a cikin kilo.

Don haka babban abin tsoronki a Sakkwato injin niƙa ne. Ana noman alkama a fadamunmu da rani, kuma gabanin azumi ko biki injin unguwa ba ya rabuwa da alkamar alkaki da funkaso. Wadda ta riga ki a layi ta niƙa tata, taki shinkafar ce za ta wanke injin. Garin shinkafar yaron nan ki yi shi a gida: ki tsince, ki wanke, ki shanya, ki daka ko ki niƙa a bilenda. Geronsa da dawarsa haka. Garin kwaki ki saya wurin wanda ba ya auna fulawa da tiya ɗaya, in da hali ki sa a buɗe miki sabon buhu. Ƙuli-ƙuli ki san hannun da ya yi shi. A gida ki ware masa rariya, da muciya, da katakon yanka, don itace da ragar rariya suna riƙe gari komai wanki. Man da aka soya fanke ko cincin a ciki ya haramta gare shi, ko ƙosai ne aka soya daga baya. Robar bota da ake cusa wuƙar burodi a ciki ita ma haka.

Akwai kuma masu shigowa da fuskar 'yan gida. Semo alkama ne, duk da mutane da yawa sun ɗauka masara ne. Kuskus alkama ne, taliya ko ta murji ce alkama ce, gurasa da alkubus ba sai na faɗa ba. Ɗanwake da masa da sinasir na saye, wasu masu yi suna ƙara fulawa, sai kin tambaya. Za ki ji ana cewa a daka konfilas a shafa wa kaza, to yawancinsa akwai tsiron sha'ir a ciki, haka lemun malt na kwalba. Magi ma wani akwai alkama wani babu, shi ya sa ban sa shi a haɗin ba, daddawa na nan don miya. Ki koyi duba bayan kwali. In da Turanci aka rubuta, kalmomin da za ki nema su ne wheat (alkama), barley (sha'ir), rye (ƙwayar ƙasashen sanyin nan) da malt. Kayan da ke shigowa ta Illela daga Ƙonni kuwa da Faransanci suke zuwa, a nan blé ne alkama, orge ne sha'ir.

Ranar Juma'a mai zuwa ki cika tire ɗaya na kowa da kowa. Kada ki yi ta yaron daban ta ƙannensa daban, kuma kada Babansu ya dawo da ledar gidan abinci ya ce wannan ta masu lafiya ce. Abin da ke sa shi kuka bai tsaya ga ɗanɗano ba, ya ga an ware shi ne, kuma an ɗora masa laifin rasa daɗin gida. Ki sa shi ya zama mai danna kwakin, ƙannensa masu jerawa, a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa ɗanyen nama. Kaza ta yi tsada, na sani. Wannan riga tana hawa awara, tana hawa kifi marar ƙaya, tana hawa dankali da aka ɗan tafasa. Wani makon kaza, wani makon awara. Abin da ya rage yana kwana 3 a firij in wuta ta tsaya, a ɗumama a wuta ba a tururi ba. In an ɗauke wuta yini guda, a cinye a ranar.

To, Inna.

Ki fara da yarda cewa akwai ƙamshin gaskiya a maganarta. Lokacin da ta tashi, alkama abincin biki ne da Salla da gidan masu hali. Abincin kullum fura ne, tuwon dawa, tuwon gero, hoce, kunu, shinkafar fadama. Yaron da aka haifa da wannan ciwo a lokacin sai ya yi watanni bai haɗu da alkama ba. Yau kuwa burodi da safe, taliya da rana, semo da dare. Ciwon na nan tun da, cimarmu ce ta sauya. In kin lura, madafar Inna ta ƙuruciya ita ce ainihin abin da likita ya rubuta wa jikanta. Wannan shi ne makaminki, kuma ba na faɗa ba ne.

Zancen ciwon Turawa kuma, a duniya ana kiyasta kusan mutum 1 cikin 100 ke da shi. Ɗaya daga cikin wuraren da aka fi samunsa a Afirka yake: binciken da aka buga a 1999 kan yaran Sahrawi da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya ya samu fiye da 5 cikin 100. Musulmi ne 'yan sahara, jikokin makiyaya. Abin da Turawa suka yi shi ne gano sanadi. Wani likitan yara a ƙasar Holan, Willem Dicke, ya daɗe yana zargin alkama. Da yunwar yaƙi ta 1944 zuwa 1945 ta sa burodi ya ɓace a ƙasarsu, sai ya ga yaran da ke fama da wannan ciwo sun fara samun sauƙi ana tsakiyar yunwa, da burodi ya dawo suka koma gidan jiya. A 1950 ya rubuta sakamakonsa. Ki ba maigidanki wannan labari, tsofaffi sun fi kama labari a kan bayanin hanji.

Maganarta ta cewa ta ba shi bai mutu ba ita ta fi damuna. Siliyak ba ya kayar da yaro nan take. Wani yaron zai ci burodi ya tashi yana wasa, ɓarnar tana can ciki tana gudana, sai bayan makonni a ga nauyi ya tsaya, jini ya sauka. Don haka Inna tana ganin hujja da idonta kullum, kuma hujjar yaudararta take yi. Ba za ki ci ta da gardama ba.

Kunyar ɗan fari ado ce, ban raina ta ba. Ki ci gaba da kauce wa sunansa, ki bar wa Inna shi ta yi ta kiransa maigidanta tana tsokanarsa. Amma al'adar da ta ɗaure miki baki ita ce kuma ta tanadi masu magana a madadinki. Na farkonsu ɗan Inna ne. Malam, in an miƙa maka wannan ka karanta, da kai nake: haƙurin da ka ce a yi, hanjin ɗanka ne ke biyan kuɗinsa. Mahaifiyarka ce, kai ka san lokacin da take sauraro da muryar da take ji. Ka same ta ku biyu, ba a gaban matarka ba, kada ka ce an ce. Ka ce kai ne likita ya yi wa gargaɗi, kai ne kake roƙonta. In akwai yayarka ko wata aminiyar Inna da take jin maganarta, ka jawo ta. Ranar komawa asibiti kuma ku tafi da ita, a auna yaron a gabanta, a nuna mata katin nauyinsa na bara da na bana, ta ji daga bakin likita da kunnenta. Abin da suruka ba za ta karɓa daga matar ɗa ba, sau da yawa tana karɓarsa daga mai farar riga.

Ke kuma ƙanwata, ki gane abin da ke kai hannun Inna ga burodi. Kaka ce, jikanta ya shigo ɗaki, dole hannunta ya miƙa wani abu. In kika ce kada ta ba shi komai, kin ce ta daina zama kaka, ba kuwa za ta daina ba, ɓoyewa za ta yi. Ki cika mata kwalla da abin da za ta miƙa: dabino, aya, soyayyiyar gyaɗa, kantun riɗi, gugguru, goriba, magarya in lokacinta ne. Ki ce na maigidanta ne, a hannunta kaɗai zai riƙa karɓa. Sannan ki ba ta muƙami. Ki durƙusa ki ce Inna, likita ya ce sai abincin gargajiya, ni kuwa hannuna bai kai naki ba a hoce da fura, a taimaka a koya mini. Ba ƙarya kika yi ba. Wadda aka naɗa mai kula da cimar yaro ba ta cika yarda wani ya ɓata mata aiki ba, har ita kanta. In duk da haka kika sake ganin burodi, kada ki ɗaga murya, ki ɗauke yaron da dabara ki sanar da babansa a daren, kowane karo, har ya gaji ya tsaya da ƙafarsa.

Shi ma yaron shekara 7 ya isa ya riƙe jimla ɗaya: na gode, cikina ba ya son alkama. Zai buƙace ta a makaranta da islamiyya da gidan suna, inda biskit ke yawo. Ki sanar da malamansa. Ƙannensa kuma ki tambayi likita a gwada su, don ciwon yana bin jini, cikin 'yan'uwa na kusa kusan 1 cikin 10 kan samu. Kada ki cire musu alkama kafin gwajin, in an daina ci sakamakon yakan fito kamar babu komai.

Ƙuli-ƙulin farko da za ki yi kazar da shi, ki roƙi Inna ta zaɓo miki, in ƙarfinta ya kai ta daka. Idan tiren ya sauka, ki zaɓi guda uku masu laushi daga tsakiya, waɗanda ba su yi ƙaras da yawa ba saboda haƙoranta, ki rufe da faifai, ki ba maigidan nata ya kai mata da kansa.